Ruwan da Na Fesa wa Rama

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Sule a tambaye ni, har wanzami sai da ya dakata da aska a tsakiyar kaina ya ce sai na ba shi labari. Wai me ɗiyata ta je yi, wai da gaske ne Turawa sun miƙe tsaye sun tafa mata. Babu Bature ko ɗaya a wurin, amma tafi kam an yi shi, da kunnena na ji. Na lura in na ci gaba da ba da labarin guntu-guntu, kowa zai ɗauki inda ya yi masa daɗi ya bar inda ya fi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, firamare na gama a Daddara, sai a yi haƙuri da rubutun. Kuma in faɗa tun yanzu: yawancin labarin nan alfahari ne, amma a tsakiyarsa akwai sunan wani bawan Allah da na ɓata, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mamman mai igiya. Tufkar igiyar rama na gada wurin mahaifina. Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, wani mutumin Maraɗi mai suna Isufu ya zo Jibiya ya kafa rumfa kusa da tawa. Aikinsa gyaran faiba, wato robar nan mai zare a ciki da ake yin tankin ruwa da gaban mota da ita. Muka shaƙu har akushi ɗaya muke ci. Wata rana ya ce da ni zaren faiba ya yi wuyar samu, me zai hana mu gwada rama a madadinsa, mu yi wa masu amalanken jaki tankin ruwa marar nauyi, jaki ya huta da duron ƙarfe. Na saƙa masa rama kamar tabarma, ya shimfiɗa ta a mazubi, ya shafe da gam, ya yi na gwaji shi kaɗai. Tanki ya fito kyakkyawa, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Nan da nan mutum goma sha biyu suka ce suna so.

A waɗannan sha biyun muka raba aiki: ni ke shimfiɗa rama da safe, shi ya zo ya haɗa gam ya shafa. Ba a yi wata biyu ba duk suka ɓare, falle-falle kamar albasa. Ranar kasuwa masu amalanke suka taru a bakin rumfa. Isufu ya ja ni gefe ya ce, "Mamman, ka tabbata ramar nan a bushe take?" Na ce kwana uku ta yi a rana, kuma ban yi ƙarya ba. Amma da na juyo na ga idon mutane sai tsoro ya kama ni, na ɗaga murya na ce, "Ramata ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ku tambayi mai haɗa gam, shi ya san algus ɗin da ya yi." Ban ga ya yi ba. Ko zargin haka ban yi ba kafin bakina ya faɗa. Kafin la'asar an raɗa masa Isufu Algus. Damina ba ta faɗi ba ya kwashe kayansa ya koma gida, ko sallama bai yi min ba. Ni kuwa da shekaru suka ja sai na gaskata maganata, don ta fi sauƙin zama da ita.

Ɗiyata ta uku sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Uwani nake ce mata. Lokacin da abin ya faru ba ta wuce shekara bakwai ba. Yanzu Dakta ake kiran ta, tana koyarwa a jami'a. Ranar da ta ce min karatun roba za ta yi, ce mata na yi, "Duk karatun duniya ki rasa na yi sai na bokiti da silifa?" Ranar da aka ba ta digiri na farko ban je ba, na ce ina da kasuwa. Wannan ma yana cikin abin da nake istigfari a kai. To ita ce ta zo gida ta ce an gayyace ta taron masu bincike na ƙasashen biyu a Maraɗi, aiki ya riƙe maigidanta, ko zan raka ta. Na ce to da sauri. Sai bayan na amsa na tuna wane ne a Maraɗi. Na ce a raina gari ne babba, kwana uku ne, ba lallai mu haɗu ba.

Da hantsi muka isa tasha, domin kowa ya san yanzu ba a wasa da lokaci a hanyoyinmu. Direbanmu Garba ne, ɗan Maraɗi, mai tsohuwar motar da aka ƙera don mutum biyar shi kuma yake zuba tara. Kayan Uwani uku ne: jakar kwamfuta, da damin rama da ta sa na zaɓo mata da hannuna, da wani babban akwati cike da alluna sirara masu launin ƙasa. Garba ya ga girman akwatin, ya tofa yawu a hannu, ya gyara tsayuwa, ya sunkuta da dukan ƙarfinsa. Saura kaɗan ya faɗi ta baya.

"Hajiya, iska kika ɗauro a ciki?"

"Rama ce da roba," in ji Uwani. "Don rashin nauyin nan nake shan wahala."

"To ki yi mani ƙofar mota da ita, ko na samu in ƙara mutum guda."

Ba mu kai Magama ba igiyar leda da ya ɗaure kaya da ita ta tsinke, buhun wata mata ya gangaro kan titi, barkono ya watse. Duk motar ta kama atishawa. Na ce Garba ya matsa. Na zari rama daga damin Uwani, na guntsi ruwa a buta, na fesa mata, na fara tufka a cinyata. Haka kowane mai igiya ke yi: busasshiyar rama gardama gare ta, sai ka ɗan fesa mata ruwa da baki take laushi ta bi hannu. Kafin a gama kwashe barkono na tufka igiyar da ta kai kayan nan har Maraɗi ba ta motsa ba. Amma Uwani ta fito da sauri ta janye sauran damin daga gabana, ta ware wanda feshin ya taɓa ta ajiye daban.

"Baba, wannan ya tashi daga aikina."

"Don ɗan feshin nan? Ai kafin mu kai boda ya bushe."

"A hannunka zai bushe," in ji ta. Ban kula ba, na yi dariya.

A ɓangarenmu na boda ba mu daɗe ba. Rabin masu dakon wurin da igiyata suka girma, sai gaisuwa ake ta yi, aka duba takardu muka wuce. Da muka isa wurin mutanen Nijar, waɗanda ke ce wa 'yan kwastan duwan, wani jami'i mai furfura a gashin baki ya ce a buɗe akwati. Aikinsa yake yi, kuma cikin ladabi. Ya ɗauki allo ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya gwada lanƙwasawa a gwiwa, ya ƙi.

"Madam, wanga katako ne ko roba? In san abin da zan rubuta."

"Aure ne tsakaninsu, Shef. Zaren rama a ciki, roba a waje."

"Kuma ke kika ɗaura auren?"

"Ni mai binciken abin da ke kashe shi ce."

Ya yi dariya ya ce ta kunna kwamfutar ya gani. Ta ɗora ta a kan akwatin, a inuwar bishiyar bedi, direbobi da 'yan dako suka fara matsowa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ranar na fara ganin aikin ɗiyata. Shekara da shekaru ban taɓa cewa ta nuna min ba.

A fuskar kwamfutar akwai wasu sanduna koraye a jere, a kansu wani abu a cukurkuɗe kamar dafaffiyar taliya. Ta ce korayen rama ce, taliyar kuma roba. Ta ce ƙarfin allon nan ba a ramar yake ba, ba kuma a robar ba, yana daidai inda suka haɗu, kuma wurin ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganin abin da ke gudana a cikinsa. Shi ya sa take gina shi a kwamfuta ƙwaya-ƙwaya, ta gaya wa injin halin kowace ƙwaya, wadda take so da wadda take gudu, sannan ta sa ya ja ta ga inda za su rabu.

"Mi ya hana ki kwaɓa a kwano ki gani?" in ji jami'in.

"Ina kwaɓawa, Shef, ga allunan. Amma kwano zai nuna maka ya ɓare ne kawai. Ba zai gaya maka dalili ba."

Ta danna. Aka ja ramar, taliyar ta maƙale mata, tana miƙewa tana bin ta, ta ƙi saki. Ta ce wannan busasshiya ce. Ta sake buɗe wani hoton, iri ɗaya da na farko, sai dai tsakanin rama da roba akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo ja da fari, layi ɗaya tak. Ta ce ruwa ke nan. Ta danna. Robar ta zame ta fita sumul, kamar waina daga tandar da ta sha mai.

Ta ce jikin rama cike yake da wasu wurare kamar 'yan hannuwa, da su take riƙe abu. Amma ta fi son ruwa da gam. In ruwa ya riga zuwa sai ya kama hannuwan duka, gam ya zo gaisawa ya tarar babu hannun da zai kama. Daga waje za ka ga sun manne. Ana fara aiki da abin, rana ta buga, amalanke ya girgiza, sai su rabu.

"Ruwa kamar nawa?" in ji jami'in.

"Kaɗan ƙwarai. Ka taɓa ka ji ta bushe, alhali layin nan yana nan kwance. Ko feshin baki ya isa."

Ina tsaye a bayanta sai na tuna. Na ga kaina a rumfata da sassafe, ga mazubi, ga tabarmar rama ta ƙi kwanciya a kusurwa. Na ga hannuna ya ɗauki buta. Tanki goma sha biyu, kowanne sai da na guntsi ruwa na fesa, kafin Isufu ya iso da gam. Da ya tambaye ni ko a bushe take, ban tuna ba ma, domin a wurinmu wannan ba jiƙawa ba ce, tausasawa ce, kamar yadda mai tuwo ba ta lissafa ruwan da ta tsoma mara a ciki. Na gwajin kuwa, wanda bai ɓare ba, Isufu ne ya shimfiɗa ramarsa da kansa.

"Tsoho, ɗiyarka ce?" Muryar jami'in ta dawo da ni. Na ce tawa ce. Ya ƙame ya sara mata, ya kira abokan aikinsa biyu ya ce ta sake nuna musu. Wani ɗan dako da ya san ni ya ce, "Malam Mamman, ashe igiya ta kai jami'a!" Ban taɓa jin girma irin na wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin kunya irin tasa ba, duka a tsaye wuri ɗaya.

Bayan mun wuce Ɗan Isa na daure na taɓa kafaɗar Garba.

"Ka san wani Isufu mai gyaran faiba?"

"Wane? Algus? Ai kowa ya san Algus, bayan tasha yake. Wallahi aikinshi na da kyau, ni ban san mi ya sa ake ce mashi haka ba. Har ɗiyanshi 'yan gidan Algus ake ce masu. An ce daga wajenku sunan ya taho, direbobi suka tsallako da shi."

A haka muka shiga gari.

Masu taron sun ba mu masauki mai tsabta, ɗaki biyu da baranda. Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne, Hausarsu tamu ce, amma boko ya raba mu a wasu wurare. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda, ya hau babur. Da tsakar rana ofisoshi kan rufe a tafi hutawa, kamar an yi shela. Da mai kula da mu ya ce gobe Dakta za ta yi jawabi da ƙarfe goma sha biyar, na ce masa agogon ƙasarsu har nawa yake kaiwa. Ashe ƙarfe uku yake nufi. Wurin abinci kuwa aka kawo mana ɗanyen ganye da tumatir a faranti. Na duba, na ce a raina Allah sarki, fari ya taɓa su, na cika cikina da burodi don kada in kunyata su. Ina shan ruwa sai ga shinkafa da rabin zabo. Uwani ta yi ta dariya har da hawaye, ni kuwa ina kallon zabo ba wurin sa shi. Furarsu dai, ko mutanen Jibiya za su ji haushi, ta fi tamu.

Bayan la'asar muna zaune a baranda na gaya wa Uwani komai, har kalmomin da na faɗa a kasuwa.

"Baba, ka tuna inda aka zubar da fasassun tankunan?"

"Bayan gida, gindin kuka."

"Can nake wasa. In zauna in yi ta ɓare su falle-falle, ina mamakin me ya sa abin da aka manne zai rabu haka ba tare da ya karye ba. Na tambaye ka sau ɗaya ka daka min tsawa. Tambayar ce har yau nake bi."

Na ce, "To yanzu injinki ya tabbatar ni ne?"

Ta ce, "Kwamfuta ba ta ga tankinku ba. Abin da zan iya cewa, ruwan nan kaɗai ya isa ya yi wannan ɓarnar. Ba zan rantse babu wani dalilin ba. Amma Baba, ka gan shi ya yi algus?"

"Ban gani ba."

"To wannan ba ya bukatar kwamfuta."

Washegari aka yi taro. Zaure ne babba, malamai da ɗalibai, har da wasu manoma da aka gayyato. Uwani ta hau ta yi bayani da Turanci, wani yana juyawa da Faransanci, ni ina zaune a layi na biyu ban fahimci ko ɗaya ba, amma da hoton nan na ja da fari ya fito a bango na fi kowa sanin abin da ake faɗa. Ta nuna yadda wanke rama da ruwan soda da busar da ita sosai ke ƙara mata riƙo, ta ce irin allunan nan za su iya zama silin ɗaki ko cikin mota. Ta zagaya da allo biyu, na busasshiya da na mai laima. Wani farfesa mai ƙaton tumbi ya sa farce ya ɓare na biyun kamar ɓawon rogo, ya koma kan na farkon har da makullin mota, ya haƙura. Sai wani tsohon manomi ya miƙe ya ce shi da Hausa zai yi tambaya, ko kowace rama ce ke yi. Uwani ta ajiye Turanci ta amsa masa da Hausar gidanmu, sannan ta nuna ni ta ce, "Ga wanda ya fi ni sani nan, mahaifina. Duk ramar da na yi aiki da ita shi ke zaɓo min." Aka sa na miƙe. Na ce a duba tsawon zare da sheƙinsa, kuma kada ta wuce kwanakinta a tafki, in ta wuce ta ruɓe. Farfesan nan ya rubuta abin da na faɗa a littafinsa. A nan ne aka yi tafin da kuke tambaya.

Rana ta uku da safe Garba ya kai mu bayan tasha. Tun kafin in ga mutumin na ga tankin nan na gwaji. Yana bakin rumfa a kan bulo, ya yi baƙi don tsufa, an sa masa famfo, wani yana wanke hannu a jikinsa. Saƙar tabarmata tana nan ana ganin ta ta cikin gam. Ko ɗigo ba ya yi.

Isufu yana zaune a ciki, gemu ya yi fari fat, tabarau ɗaure da zare. Ya dube ni ya daɗe.

"Mamman. Ba ka mutu ba."

"Ban mutu ba, Isufu."

"Zamna."

Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, gida da iyali da gajiya da damina, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ya ɗora shayi a garwashi. Nasu shayin a ɗan ƙaramin kofi ake sha, zagaye uku, kuma ba a tashi sai an gama. Na farko mai ɗaci ne. Ina riƙe da shi na faɗa masa: buta, feshi, sha biyun duka, da cewa ban taɓa ganin ya yi algus ba, tsoro ne ya sa na jefa shi gaba.

"Na tambaye ka," in ji shi.

"Ka tambaye ni."

"Tun ranar na san ruwa ne. Na ɓare guda na ga fari-fari a ciki, gam bai kama ba. Amma ta ina ya shiga? Da idona na ga ramar a rana. Shekara ashirin ina juya abin ga a kaina. Ashe bakinka ne." Ya girgiza kai, sai kuma dariya ta kuɓuce masa. "Bakin nan naka sau biyu ya cuce ni."

Ya tambayi wace ce wannan, na ce Uwani ce. Ya ce, "'Yar ƙaramar nan mai satar mani ƙusa?" Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe masa kwamfuta. Abin da aka yi wa jami'in boda dogon bayani, Isufu kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Shi ne. Haka nike ganin shi a raina, ban dai san kamanninshi ba." Ya gaya mata shi tun daga lokacin sai ya gasa rama sama-sama a kan garwashi kafin ya shafa gam, ta ciro littafi tana rubutawa, tana tambayar nisan wutar da tsawon lokacin. Suka manta da ni har shayi na biyu ya huce.

A na uku, mai zaƙin, na ce ya yafe min.

"Tsakanina da kai na yafe, Mamman. Na daɗe da gajiya da riƙo. Amma ba a rumfar ga ka faɗi maganar ba. A kasuwar Jibiya ka faɗe ta, ranar kasuwa, da ƙarfi. Ni na tsufa, sunan bai hana ni cin tuwo. Jikokina nike ji, da ake kiran su da shi a lakwal wajen karatu. Inda ka ɗaura, can za ka kwance."

Na ce ya biyo ni mu tafi tare. Ya ce a'a. Ya ce in ɗauki tankin in tafi da shi, mutane su gani da idonsu. Shi kuma yana nan zaune. Ranar da ya ji direbobin tasha sun canza masa suna da kansu, zai san na yi.

Haka muka dawo, tanki a saman motar Garba ɗaure da igiyata. A boda muka tarar da jami'in nan mai furfura. Ya dubi sama ya ce, "Wanga kuma fa, tsoho?" Na ce shaida ce. Ya ce shaida ba ta biyan komai, mu wuce.

Ranar kasuwa na sa aka sauke shi daidai inda rumfata take a da, aka cika shi da ruwa. Cikin masu amalanke sha biyun nan uku ne suka rage a raye, na aika aka kira su. Ɗayansu Alhaji Sule ne, mai majalisar tamu. Na hau kan benci, na faɗa da irin muryar da na faɗi ta farko. Na ce Isufu bai yi algus ba, ni na fesa wa rama ruwa, ni na yi masa ƙazafi, ga aikin hannunsa nan shekara ashirin da 'yan kai bai zubar da ɗigo ba. Wasu suka yi dariya, wasu samari ba su ma san wanda ake magana a kai ba. Alhaji Sule bai yi dariya ba. Ya zagaya tankin, ya shafa ƙasansa, ya dubi tafin hannunsa a bushe. Ya ce, "Kai ka faɗi kalmar, amma ni na fara kiran shi da ita." Ya bi ni muka tafi tasha, mota-mota, duk direban da ke shiga Maraɗi muka tsayar da shi muka gaya masa.

Mako uku ban ji komai ba, har na fara cewa ko sunan ya riga ya yi saiwar da ba ta ciruwa. Sai ranar nan ina zaune a majalisa motar Garba ta tsaya, ya leƙo ta taga ya ƙwala min kira.

"Baba Mamman! Ga Malam Isufu mai faiba na kawo maka!"

Ya fito daga gidan gaba da sandarsa. Muka ci tuwo akushi ɗaya. Da zai koma na ce a ɗora masa tankinsa, ya ce a bar shi, nan aka fi bukatar ganin sa. Uwani kuma ta ce a takardar da za ta rubuta nan gaba, inda ake gode wa waɗanda suka taimaka, sunansa zai fito, ta tambaye shi yadda yake so a rubuta.

Wannan shi ne labarin Maraɗi, na gama shi, kada a sake tare ni wurin aski. Tankin yana ƙofar gidan Alhaji Sule, a jikinsa muke alwala. In kun tarar babu ruwa a ciki ku ɗaga ku ji, hannu ɗaya ya isa. In yaranku suka tambaya wa ya yi shi, ku ce Malam Isufu mai faiba.